Rasuwar Clarrie, Mai Miƙa wa Injin Des Zare

Da zuciya mai cike fal da baƙin ciki, Desmond Trevaskis na garin Moonta, wanda kowa ya fi sani da Des, yake sanar da 'yan uwa da abokan arziki rasuwar amininsa Clarrie, wanda rai ya yi wa halinsa ranar Asabar da tsakar rana, bayan rana ta gasa shi a gindin gilashin gaban a-kori-kura, a ƙofar mashaya.

Ga waɗanda ba su yi sa'ar saninsa ba, marigayin wani ɗan ƙaramin hannu ne da aka yi da roba, mai launin ruwan lemo, mai 'yar taya a ka, duk tsawonsa bai wuce yatsa ba. An haife shi a ɗakin aikin Des da ke bayan gida, kuma injin da ya haife shi, shi ya yi wa hidima har ƙarshen ransa. Injin nan irin mai narka zaren roba ne yana gina kaya da shi, shimfiɗa kan shimfiɗa. Ciwonsa ɗaya ne: zaren kan sauko daga faifansa a karkace, ya sarƙe, injin ya yi ta rawa a iska ba abin da ke fitowa. Clarrie ne ya tsaya tsakani, yana karɓar zaren yana miƙa shi a saiti. Bai taɓa fashin aiki ba, bai taɓa neman shayi ba.

Kafin zuwansa duniya, matar Des, Noreen, ita ke wannan aiki. Takan kife akwatin madara ta zauna, zare tsakanin yatsu biyu, bakinta kuwa ba ya hutawa: jikoki a Adelaide, gwiwarta, karen maƙwabta. Ranar da aka ɗaura Clarrie ta miƙe, ta kakkaɓe siket, ta ce, "Madalla, an 'yanta baiwa." Washegari ta shiga ƙungiyar masu gangara ƙwallo a kan ciyawa. Tun daga nan ba ta wuce bakin ƙofar ɗakin, nan ma don ta ce abinci ya sauka.

Des ya sha gaya wa abokansa cewa yanzu ya samu lafiyar kunne, domin marigayin mai kawaici ne. Maganarsa duka duniya ita ce "ƙi-ƙi, ƙi-ƙi", duk sanda tayarsa ta juya. Sau ɗaya Des ya ɗiga masa mai, kukan ya ɗauke ɗif. Bai kai minti nawa ba ya ɗauko tsumma ya goge man tas, don shirun ɗakin ya fi ƙarfinsa. Wannan bai gaya wa abokansa ba.

Jinyar marigayin gajeruwa ce. Des ya kwance shi ya tafi da shi gari don ya nuna wa masu musu irin kyan da ya yi, sai ya ajiye shi a gindin gilashi ya shiga shan kofi ɗaya mai sanyi. Watan Janairu ne, tsakiyar bazara a ƙasarsu, rana tana dukan kwalta har tana wari. Kofi ɗaya ya zama hira, hira ta zama gardamar wasan kurket. Ko da Des ya fito, Clarrie ya sunkuyar da kai, tayarsa ta nutse cikin wuyansa. Robar da aka yi shi da ita ba ta jure zafi, kuma Des ya fi kowa sanin haka, har wa'azinsa yakan yi wa sababbin shiga harkar. An garzaya da shi gida, an tsoma shi a ruwan ɗumi ko zai miƙe, sai ya rabe biyu a hannun mai jinyarsa.

Ya rasu ya bar injin da yanzu ba ya iya cin zare shi kaɗai, da faya-fayan zare masu yawa, da rabin mazubin abincin tsuntsaye wanda ba zai ga kammaluwarsa ba. Bai bar magaji ba. Duk mai irin wannan inji ya san ana buga na biyu ne tun na farko yana raye, amma Des kullum sai ya ce gobe. Zanen yana nan cikin kwamfuta. Matsalar ita ce injin ba zai haifi magaji ba sai wani ya zauna rabin yini yana miƙa masa zare, hannun Des kuwa shekaru sun sa masa rawa.

Da labari ya kai wa Noreen sai ta ce, "Ka gasa shi da hannunka, sannan ka zo kana mini fuskar tausayi? Ina da wasa ranar Talata, tsoho. Nemi wata baiwar."

Des ya koma ɗakin ya zauna gaban injin da ba ya motsi. Tsoro ne ya kama shi sosai cewa ba za ta zo ba, kuma ya san ba don inji yake jin tsoron ba.

Ranar Litinin da hantsi sai ga ta da shayi a hannu ɗaya, akwatin madara a ɗayan.

"Matsa can," in ji ta. "Yau kaɗai, ka ji ko? Da ya fito ka ɗaura abinka, in kama gabana."

Ta kama zare, ta ɗauko zancen jikoki daga inda ta ajiye shi tun bara waccan. Bayan la'asar magaji ya fito, kore shar, ba shi da aibu ko ɗaya. Des ya jujjuya shi, ya hure shi, ya yi gyaran murya.

"Norrie, ai bai kamata a naɗa shi ba tukuna. Ko binne wancan ba a yi ba."

Ya zura shi a aljihun riga.

Za a yi jana'izar marigayin ranar Juma'a da safe a gindin bishiyar lemon tsami, bayan ɗakin aiki, tunda masu kwasar shara sun ce ba sa karɓar irinsa. Akwai shayi da kek mai kwakwa. Masu zuwa da mota su duba gindin gilashinsu kafin su kulle. Zaman makoki zai ci gaba a ɗakin kowace safiya, ban da Talata, kuma iyalan ba su sa ranar tashi ba. Wanda ya zo zai tarar da Noreen a kan akwatinta, zare tsakanin yatsu, tana ba da labarin gwiwarta, Des kuma yana yi kamar ba ya ji.

Ana roƙon masu ta'aziyya kada kowa ya wahalar da kansa wajen nuna mata koren abin nan da ke leƙowa daga aljihun mijinta. Ita ta wanke rigar jiya. Ta cire shi kafin ta zuba ruwan zafi, da rigar ta bushe kuma ta mayar da shi inda ta same shi.