Ranar da Mai Tsawa Ya Sa Baƙaƙen Kaya

Duk tsibirin Shikoku babu ɗan wasan kwaikwayo kamar Gonzaemon na Bakwai. Mai shakka ya je ya tambaye shi. Kakanninsa shida sun yi wasa a dandamalin garinmu, amma a faɗarsa duk share masa fage suka zo yi. Mu dai Mai Tsawa muke ce masa, don ko shayi zai nema sai kajin maƙwabta sun watse.

Ɗa ɗaya gare shi, Kiyozo, mai shekara talatin da biyu, wanda bai taɓa kai ƙarshen magana a gaban ubansa ba. Uban ke zaɓar masa riga, shi ke sanar da shi ya ƙoshi. In aka ce, "Kiyozo, ya ƙarfin jiki?" sai Mai Tsawa ya cafe: "Garau yake, ai ni na haife shi." Kiyozo ya sunkuyar da kai, kunnuwa su yi ja wur.

Da gwiwa ta kayar da tsohon, dole Kiyozo ya karɓi babban matsayi a wasan bikin kaka. Tsohon wasa ne, na wani saurayi mai kunya da ke sallama da masoyiyarsa a bakin gada. Shekara arba'in Mai Tsawa yana fitowa a wannan mai kunyar da ruri da buga ƙafa, har masoyiyar kan ja da baya don tsoro.

"Ka yi yadda nake yi sak," in ji shi, "sunan gidan nan ya zama naka, a kira ka na Takwas. Ka saɓa ko da ɗaga gira ne, a ɗakin ninke riguna za ka tsufa."

To, kowa ya san dokar mai baƙin kaya, wannan da ke rufe fuska ya shigo dandamali ya janye kujera ko ya miƙa takobi. Ba ya nan. Ba a kallonsa, ba a jinsa. Mai Tsawa da kansa ya cusa wa ɗansa wannan doka da sanda: "Mai baƙi iska ne! Ɗan wasan da ya waiwaye shi ya zubar da mutuncin kakanni!"

Ana gobe biki ya tara iyalinsa ya yi musu albishir. "Zan ƙasƙantar da kaina. Ni, Gonzaemon, zan sa baƙi in tsuguna bayan yaron nan in riƙa ba shi umarni. Tawali'u irin wannan, sai an yi ƙarni ba a gani ba." Baƙin kayan kuwa na siliki ya sa aka ɗinka masa.

Ranar biki da rana tsaka rumfar wasan ta cika maƙil. Aka zo wurin gada. Kiyozo ya tsaya gaban masoyiyar, ya rasa ta inda zai fara. Ni kam na tausaya masa.

"Buga ƙafa!" in ji Mai Tsawa cikin raɗa, raɗar da mai gasa dankali a bakin ƙofa ta ji sarai. "Zaro ido, sakarai! Yi ruri!"

Wuyan Kiyozo ya fara juyawa, "To, Baba" na kan leɓensa. Sai gefen idonsa ya faɗa kan baƙin ƙyalle, ya tuna da sandar nan. Ya mayar da kai gaba. Karon farko ke nan a rayuwarsa da ubansa ya yi magana shi kuma bai ji ba, da izinin uban ma.

Ya miƙa wa masoyiyar laima, ya kasa haɗa ido da ita, ya ce a hankali, "Ki sauka lafiya." Tsofaffin mata suka shiga share ido da hannun riga. Can wani masunci ya kwarma daga baya, "Na Takwas!" Jama'a suka ɗauka gaba ɗaya. A garinmu kuwa, sunan da rumfa ta kira ya zauna.

Mai Tsawa ya miƙe da ɗingishi, ya yaye mayafin fuska, ya sha gaban ɗansa, ya rusuna sau uku. Amma mutanen garinmu masu tarbiyya ne. Baƙi ke jikinsa, don haka mutum ɗari huɗu suka leƙa ta gefensa suna yi wa Kiyozo tafi.

Da yamma Otane, matar Mai Tsawa, tana zuba shinkafa da gasasshen kifi, sai tsohon ya gyara zama ya yi gyaran murya.

"Kin dai ga yadda na ɗauki wasan nan a kafaɗata."

Ta cika kwanon Kiyozo tukuna, sannan ta ɗago.

"Au, Maigida, ashe ka je?"