Farfesan Fanke da Baƙar Kwat

Duk birnin New Orleans na Amurka babu masani kamar Alcide Robichaux, kuma shi da bakinsa ya shaida mana haka. Allah Ya ba shi ilimin kalma ɗaya tak, ya riƙe ta shekara ashirin bai gaji ba. Kalmar ita ce benye, fanken nan namu mai kusurwa huɗu da ake binnewa cikin garin sukari. Muka laƙaba masa Farfesan Fanke, shi kuwa ya ɗauka digiri ne.

Ko ta'aziyya ya je, sai ya ja mai makoki gefe ya sanar da shi cewa kalmar daga tsohon Faransanci ta fito, ma'anarta kumburi, saboda yadda ƙullun ke tashi a cikin mai. Ya sha rantsewa kakar kakarsa ce ta sauko da ita daga jirgin ruwa.

Bana ya nemi shugabancin Ƙungiyar Jikokin Faransawa ta unguwarmu. Abokiyar takararsa Eulalie Batiste ce, wadda ta shekara talatin tana suyar benye. Abin ya ba shi dariya.

"Suya aikin hannu ce," in ji shi. "Shugabanci kuwa sai mu masu kai."

Ranar zaɓe ya shigo da baƙar kwat, baƙin wando, baƙar hula. Muka fara zungurin juna, don ko yaron goye a garin nan ya san ba a sa baƙaƙen kaya wurin cin benye.

Ya yi awa guda yana jawabi, yana murɗa harshe. Eulalie ba ta yi nata ba. Faranti ta miƙa masa, benye guda uku masu zafi, sukari tsibi a kai.

"Ci mana, Farfesa, mu ga yadda kakar taka ta koya maka."

Ya kai ɗaya bakinsa. Kowa ya san ɗauke numfashi ake yi a nan, amma gogan sai ya ja dogon numfashi zai ƙara bayani. Tari ya sarƙe shi, atishawa ta biyo baya, garin sukari ya turnuƙe. Kwat, gashin baki, tabarau, duk suka yi fari fat. Ni dai na yi dariya har na zame daga kujera, kuma ban ji tausayinsa ba ko kaɗan.

Eulalie ta miƙa masa tsumma. "Ashe yau ka fara ci, bawan Allah?"

Ya karɓi tsumman ya hau goge tabarau. Da aka buɗe akwatin zaɓe, ƙuri'a ɗaya ya samu, da shatin fararen yatsu a jikinta.