Daddawar Inna a Bukkar Dutse

Ban nemi shawarar kowa ba da muka shirya tafiyar ƙafa ta kwana uku a duwatsun hanyar Madina zuwa Yanbu. Abokaina suka cika jakunkuna da dabino da barguna. Ni kuwa, gwani, na ɗauki tukunya, garin tuwo, kuka, da ƙullin daddawar da Inna ta aiko mini daga Maraɗi. Shekara shida rabona da gida, na rantse sai na tuƙa tuwo a ƙololuwar dutse.

Daddawa ta yini a bayana tana shan rana. Da magariba muka shiga wata 'yar bukkar dutse marar taga, na kwance jaka.

Adam, direba ɗan Cadi, ya toshe hanci. "Ya akhi, ɗan'uwa, me ya mutu a nan?"

Ɗaya bayan ɗaya suka ja bargunansu, suka gwammace sanyin waje. Ni na yi matashi da ƙullin. Ƙamshin ɗakin Inna sak, har ina jiran ta ce in miƙo mata muciya. Tun zuwana Madina ban yi barci irin wannan ba.

Tuwon ma bai yiwu ba, ruwanmu ko na sha da ƙyar ya kai.

Har yau, da na doso shagon shayinmu a unguwar Anbariyya, Adam zai ɗaga murya: "Ku buɗe taga, ga Abu Daddawa nan!"