Injin Alhaji da na ɗaure kamar kayan Maradi

Ba zan taɓa mantawa da ranar da na ɗauki inji mai nauyin jaki daga Lyon zuwa Paris ba, don kawai in je in ba da haƙuri.

Lokacin ina aiki a wata masana'anta a Saint-Fons, kusa da Lyon, na shiga ƙungiyar masu wasan harbi da ƙaramar bindiga (da takardun izini, kada wani ya tsorata). Wanda ya tsaya mini na shiga shi ne Alhaji, wani dattijo ɗan Chadi da ya daɗe yana haɗa harsashinsa da hannunsa. Da zai koma Paris wajen 'yarsa, sai ya bar mini injinsa na haɗa harsashi amana. Ya ce in riƙa gwaji da kwanson harsashin da babu albarushi, kuma kada in taɓa komai sai na tambaye shi.

Tambaya kuwa ita ce abin da ban iya ba.

Matakin ƙarshe shi ne matse bakin kwanso ya riƙe kan harsashin. Na gwada na farko, sai na ga kamar bai kamu ba. Ni kuwa a tashar Maradi na girma, inda ba a cewa kaya sun ɗauru sai igiya ta yi kuka. Sai na murɗa ƙarfen matsewar. Kwanso ya fito a lanƙwashe. Maimakon in sassauta, sai na ce ai rashin ƙarfi ne, na ɗauko sifana na ƙara. Da hannun injin ya fara tauri, na yi masa abin da muke yi wa duk ƙarfen da ya yi gardama a gida: na shafe shi da man gyaɗa. Kafin sati, ƙarfen ya ƙi gaba ya ƙi baya, ɗakina na unguwar Vénissieux yana ƙamshin ƙuli-ƙuli.

Hankalina ya tashi sosai. Ba injin ne damuwata ba, amanar ce. Alhaji ya kira ni a talho sau biyu, muka gaisa har da tambayar mutanen gida, na ce komai lafiya lau. A ƙarshe na kunto injin daga tebur, na naɗe shi da bargo, na hau jirgin ƙasa.

Rashin sa'a, na tarar ana walimar sunan jikansa, falo cike da baƙi. Na so in ja shi gefe, amma ya riga ya hango bargon. Ya sa aka buɗe a tsakiyar tabarma. Ya gwada kunce ƙarfen, ya ƙi. Surukinsa ya gwada, ya ƙi. Sai da mutum biyu suka danne injin, na uku ya hau sifana, kafin ƙarfen ya kunce. Sannan Alhaji ya shinshina yatsunsa, ya dube ni.

“Ɗana, soya shi ka yi niyyar yi?”

Falon ya kece da dariya, har Hajiya matarsa ta leƙo daga kicin. Na ji kamar in shige ƙarƙashin tabarmar. Alhaji ya nuna mini cewa matsewar ɗan taɓawa ce kawai, ana ƙara ta kaɗan-kaɗan ana aunawa. Injin bai lalace ba, wanki kawai yake so.

Na fara murna zan naɗe bargona, sai ya dafa injin.

“Bar shi nan. Ba don ka murɗe shi ba, kowa na kuskure. Don na tambaye ka a talho ka ce lafiya lau. Mai ɓoye wannan, ba a ba shi albarushi tukuna.”

Wannan ta fi dariyar zafi, don gaskiya ce. Na koma Lyon da bargo da ledar naman suna. Sai da na yi watanni ina zuwa Paris koyo kafin ya sake yarda da ni.

Yanzu ko murfin kwalba ne ya ƙi buɗuwa, sai na nemi wanda zan tambaya. Matata ta ce abin ya fara yi mini yawa.