Rasuwar Gwaggo, Mai Riƙon Sunayen Unguwa

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da kunya kaɗan a gefenta, Mai Hoto na bakin kasuwa ke sanar da 'yan uwa da abokan arziki rasuwar kwamfutarsa, wadda aka fi sani da Gwaggo. Ta cika ranar Talata da hantsi, a kan teburinta, tana da shekara goma sha tara a duniya, bayan ta sha fama da tari.

Marigayiyar ba ta da saurin tashi, wannan ba a ɓoye ba. In aka kunna ta, sai mutum ya share shago, ya goge gilashi, ya zagaya ya gaida maƙwabta, sannan ta ce "ƙiiit", ta buɗe ido. Amma in ta tashi, ta tashi ke nan. Hoto dubu goma sha ɗaya ta riƙe a cikinta, kuma ba a taɓa jin ta kai gulmar kowa ba.

Riƙon sirrin nan shi ne babban halinta. Mai Hoto ba ya riƙe sunan mutum, fuska kawai yake riƙewa. Duk wanda ya ɗauka, sai ya raɗa wa hoton suna da abin da idonsa ya gani, ya buga da ajami don hannunsa ya fi sauri a nan. Fuskar Gwaggo kuwa bango take kallo. Shekara da shekaru, daga shi sai ita suka san wa ake kira Kai Kamar Tulu.

A cikin amanar da ta tafi da ita har da hoton Inna, mahaifiyar uwargidansa, wanda shi ne kaɗai aka taɓa ɗaukarta. Shekara shida da rasuwar Inna, shekara shida uwargida na roƙon a wanke mata shi, shi kuma yana cewa, "Yana wurin Gwaggo, ina zai je? Gobe."

Ciwon ajalin ya faro daga fankar da ke cikinta. Da fari "gurrr" take yi, daga baya ta koma "tak, tak, tak", fuskarta ta yi shuɗi, aka ji ƙaurin waya. Mai gyara ya zo ya kara kunne, ya girgiza kai. Ya ciro rumbun ajiyarta, ya haɗa da wata sabuwar laftof, 'yar yayi mai rawar kai. Aka ce ta jero abin da ke ciki, ta jero nan take. Sai dai babu suna ko ɗaya da ɗan Adam zai karanta: alamar tambaya, akwatuna, da wasu haruffa masu hula da jela, layi bayan layi har ƙasa.

Mai Hoto ya duba, ya sake dubawa, ya ji wani sanyi ya ratsa shi. Ko a mutuwa Gwaggo ta rufa masa asiri. Ya fita ya karɓi gaisuwa da fuskar maraya, cikinsa kuwa fari ƙal.

Washegari shago ya cika da masu ta'aziyya: tela, mahauci, mai aski. Uwargida na zaune gaban 'yar yayi tun safe, tana buɗe hotuna ɗaya bayan ɗaya, ta kai na ɗari huɗu ba ta ga mahaifiyarta ba. A nan ne mai gyara, da bakinsa da ba ya shiru, ya ce, "Baba, ai sunayen ba su mutu ba. Gwaggo da tsohon tsari ta rubuta su, wannan kuma da sabo take karantawa. In na nuna mata tsarin da za ta bi, minti biyar duk su dawo."

"Bar su haka," in ji Mai Hoto. "Ba a tashin mamaci."

Uwargida ba ta juyo ba. Ta ce, "Malam, na fara manta yadda bakinta yake."

Mai Hoto ya dubi tela, ya dubi ƙofa, ya auna tazarar da ke tsakani. Sannan ya ce wa mai gyara, "Dawo da su."

Minti uku aka yi. Mahauci, da yake ya fi kowa murya, ya ɗauki karatu. Aka buɗe Kai Kamar Tulu, sai ga tela cikin sabuwar hula. Mahauci ya yi dariya har da riƙe bango, har ya iso kan Ya Shanye Tumbi Ya Kasa, ya ga kansa yana fama ya ɓoye ƙaton cikinsa. Mai aski ya fito a Sanƙo Mai Gyaran Kan Wasu. Shi kansa mai gyara, da ya jawo abin, ya tarar da shi ne Wanda Ya Ƙona Min Rediyo. Kowa ya fi jin daɗin na maƙwabcinsa, kowa ya rantse ba zai ƙara taka shagon ba, babu kuma wanda ya fita.

Mai Hoto dai hankalinsa na kan hoton Inna. Tsakaninsa da Inna ba a taɓa shiri ba. Shekara ashirin tana amsa gaisuwarsa da hanci. Ya kasa tuna abin da ya raɗa mata, kuma ya san halinsa.

Uwargida ta ja jerin ƙasa, ta tsaya. Ta karanta a hankali: Yau Inna Ta Yi Min Dariya. Ta buɗe. Ga Inna, baki har kunne, ta kai hannu za ta rufe shi ba ta kai ba. Uwargida ta yi kuka, ta yi dariya, ta ce, "Ashe kana sonta, munafuki." Bai musa ba.

Gwaggo ta rasu ta bar firinta guda mai cin takarda, da linzamin kwamfuta mai ido ɗaya, da allon rubutu da harafi biyu suka zube, da jikoki dubu goma sha ɗaya, yanzu kowanne da sunansa a bainar jama'a.

Za a yi jana'izarta ranar Asabar da ƙarfe goma, a bayan shago, inda mai gwangwan, mai sayen tsofaffin ƙarafa, zai zo da kurarsa ta turawa. Ana roƙon masu rakiya su bar sanduna a gida, tela kuma ya tsaya a sahun baya. Zaman makoki a shago ne, gaban teburin marigayiya. Wanda ya zo zai tarar ba a sa 'yar yayi a wurin ba. Hoton Inna ne a kai, cikin gilashi, an wanke shi tun jiya, kuma an juyo fuskarsa wajen ƙofa.