Kankana Uku da Na Huda a New York

Har in koma ga Allah ba zan manta da ranar da na shiga kantin Japanawa ba. A 1974 ne, ina aikin kuku, maigidana ya tafi taro New York ya tafi da ni. Zai yi baƙo Bajapane, sai uwargida Hajiya ta ce mu je kantinsu mu sayo kayan marmari irin nasu.

Ni mutum ne mai fargaba (gishiri ma sai na ɗanɗana sau uku). Tun a mota nake tunanin idan baƙo ya ci ɗanye, maigida ya ji kunya, Kano za a mayar da ni.

Muka shiga. Kowace kankana a kwalinta, an naɗe ta da takarda kamar jaririya. Hajiya ta wuce wajen lemo. Na ƙwanƙwasa ɗaya, ban gamsu ba. Sai na zaro 'yar wuƙata na yanko ɗan kusurwa, yadda kowane mai hankali yake yi a kasuwar Rimi.

Cikinta rawaya, ba ja ba! Na ce ɗanya ce. Na huda ta biyu, rawaya. Ina cikin ta uku mai kantin, wani tsoho, ya taho da gudu, hannu biyu a ka.

"Kuku! Me kake yi?" in ji Hajiya.

"Hajiya, cutar mu za su yi. Duk ɗanyu ne, ki gaya masa."

Tsohon bai yi faɗa ba, wannan ya fi ciwo. Ya ɗauki yankan, ya rusuna, ya miƙo min. Na sa a baki, mutane suna kallo. Wallahi kamar zuma.

"To, Sarkin Bincike," in ji Hajiya, "irin tasu ke nan, ko ta nuna rawaya take. Ɗauki ukun, kai za ka rungume su har mota."

Na ji kunya, ban musa ba. Amma har gobe ban yarda na yi laifi ba. Wa ya aiko su su rufe abinci a kwali? Da ɗanya ce fa, wa za a zaga? Ni.

Abin da na koya ɗaya ne: idan ka huda ta farko, ɗanɗana kafin ka taɓa ta biyu.