Ranar da Na Kwance wa Surukina Rawani da Mota

Ba zan taɓa mantawa ba da ranar da na fara fitar da mota daga gida ni kaɗai, ko da yake Allah ya sani na yi iya ƙoƙarina in manta. Mutanen Illela ne suka ƙi bari.

A lokacin Turawa ba su daɗe da zama ba. Iyakar da suka shata tsakaninmu da Konni ma ba kowa ya san ta inda ta bi ba. Kawuna, yayan mahaifiyata, fataucin fata da ƙirgi yake yi, jakuna da raƙuma ke kai masa kaya Sakkwato. Wata shekara da rani sai ga shi ya dawo da wata tsohuwar babbar mota da ya saya a hannun wani kamfani, tare da mai tuƙa ta, wani Bazabarme mai suna Sumana, tsohon soja da ya koyi tuƙi wurin Faransawa. Ranar da ta shigo gari, kaji sun kwana a kan bishiya.

Ni kuwa tun ina ƙarami ciwona ɗaya ne: tambaya. Ni ne yaron da ya fasa kwaɗon ɗakin mahaifinsa don ya ga abin da ke riƙe ƙofa daga ciki (na gani, na kuma sha bulala). To ga abu yana tafiya ba ƙafa, yana kuka ba baki. Ban daɗe da yin aure ba a lokacin, amma amaryata takan ce da motar aka ɗaura. Da Kawu ya ga ba ya da yadda zai yi da ni, sai ya damƙa ni ga Sumana, ya ce in koya.

Na addabi bawan Allah nan. Me take ci? Don me take shan ruwa kuma ga mai? In ta yi zafi, zazzaɓi ne ko fushi? Shi kuma mutum ne mai tsadar magana, amsarsa ba ta wuce kalma biyu uku. A hankali na iya murɗa ƙarfen da ke maƙale a hancinta har ta tashi (a wancan zamani da ƙarfin damtse ake tayar da mota), na iya kama sitiyari, na san giya da birki. A fili, kan hanyar Sakkwato inda ba kowa sai geza da tumaki, yakan bar mini ita in ja.

Wuri ɗaya ne bai taɓa bar mini ba: ƙofar gida.

Motar tana kwana ne a filin da Kawu ke shanya fatu, wanda aka kewaye da doguwar katangar ƙasa. An fasa mata ƙofa daidai faɗinta, ba ragi ba ƙari. A bayan katangar kuwa turba ce ta masu tafiya a ƙasa, kuma da yake wurin ne ke da inuwa, kowa manne wa bango yake yi in zai wuce: mata masu zuwa rijiya, masu jakuna, 'yan kasuwa. Motar tana da dogon hanci, mazaunin direba yana can baya. Sai ka ga Sumana ya kawo ta bakin ƙofa ya tsaya cak. Ya matsa oda sau ɗaya (wata roba ce kamar buta ake matsawa, ta yi kuka irin na jaki mai mura). Ya jira. Ya ɗan turo hancin kamar kunkuru na leƙowa daga ƙoƙonsa, ya sake tsayawa. Ya ce in sauka in duba dama da hagu. Sai na ɗaga masa hannu sannan ya fita, shi ma kamar mai taka ƙwai.

Abin ya dame ni. Mutumin da ke gudu da ita a daji har hularka ta tashi, me ya sa yake zama tsohuwa a bakin ƙofa? Wata rana na ce, “Maigida, wanga rarrafe da kaka yi kullum, na mi na?”

Ya ce, “Hancinta shika riga idonka hita.”

Na juya maganar nan a raina kwana da kwanaki, na kuma fito da ilimina na kaina. Na ce to, in matsalar ita ce direba ba ya ganin mutane, ai maganin shi ne mutane su ji direba. Sumana rowar oda yake yi. Da zai matsa ta sosai, kowa ya watse, sai a fita kai tsaye. Na yi mamakin yadda har Faransawa ba su gano wannan ba.

Ana nan sai aka aiko wa Sumana daga Konni cewa mahaifiyarsa ba lafiya, ya tafi. Ranar kasuwa ta zo, fatu sun taru a can gefen mahauta, ana so a kwaso su kafin rana ta ɓata su. Kawu ya dube ni, ya dubi mota, ya ce, “Kana iyawa kuwa? In ba ka iyawa, a nemo jakkai.”

Na ce, “Haba Kawu, ko ido ruhe.”

(Bari in faɗi gaskiya tunda na fara. Da safen nan maiɗakina ta gaya mini mahaifinta zai zo cin kasuwa daga Araba. Dattijo ne mai kwarjini, manomi, ba a ganinsa sai da farin rawani. Tun da aka yi auren ban taɓa yarda mun haɗa ido ba, in na hango shi sai in sake hanya, ko in tuɓe takalmi in durƙusa, kamar yadda aka san suruki da yi. Amma a can cikin raina ina so ya ganni a kan kujerar nan, ya san 'yarsa ba ta faɗa hannun banza ba.)

Na murɗa ƙarfe, ta tashi. Na hau, na gyara hula. Wani ma'aikacin Kawu ya ce bari ya fita ya duba mini hanya, na ce ya bari, akwai dabara. Na kama oda na matsa. Na sake matsawa. Na yi ta matsawa har hannuna ya gaji, kuka ya cika unguwa. Na ce a raina yanzu kam ko kuturu ya kauce.

Abin da ilimina bai kai gare shi ba shi ne, ranar kasuwa ce. Turbar cike take da mutanen ƙauye, na Araba da na Lafani da na ƙetare, waɗanda yawancinsu ba su taɓa ganin mota ba, balle su san ma'anar kukanta. Mutanen gari sun san in an ji oda a ja baya. Baƙi kuwa da suka ji wata dabba na kururuwa a bayan katanga, sai suka yi abin da ni ma da zan yi: suka matso su leƙa.

Na saki ƙafa, mota ta yi tsalle kamar an tsikari doki. Wani farin abu ya gilma a gabana, na ji an yi salati. Na taka birki da ƙafa biyu, ƙirjina ya bugi sitiyari, injin ya mutu. Sai shiru, ban da ƙarar wata ƙwarya da ke ta mirginawa.

Tsoro ya kama ni, kuma kun san tsoron wawa da faɗa yake fita. Na diro ina huci, tun kafin in zagayo gaban motar na ɗaga murya yadda kowa zai ji: “Wane kurma na wanga? Duk odar da niy yi bai ji ba? Ko jaki ai ya kauce!”

Na zagayo. Ga wani mutum zaune daɓas a ƙasa, ƙafafu a miƙe, rigarsa ta jiƙe da nonon da ke cikin ƙwaryar wata Bafulatana da ya faɗa wa. Motar ba ta taɓa jikinsa ba, Allah ya tsare, tazarar ba ta kai tafin hannu ba. Amma ƙarfen tayarwar nan ya kamo jelar rawaninsa, da ya ja da baya sai rawanin ya warware tas, hula ta faɗi. Kan nan fes, sanƙo yana ƙyalli a rana. Ban taɓa ganin wannan kai ba a rayuwata. Fuskar da ke ƙarƙashinsa kuwa na san ta.

Surukina ne.

Nan take na durƙusa. Na nemi tuɓe takalmi na tarar ɗaya ya riga ya tsere. Matan da ke wurin suka rufe baki da gefen zane, kafaɗunsu na rawa. Kawu ya fito da gudu, yana ganin wanda ke ƙasa ya dafa kai ya ce, “Innalillahi!” A raina na gama lissafi: aure ya mutu, aiki ya tafi, sai dai in ƙetare iyaka in sake suna.

Dattijon ya dube ni. Ya share nono daga gemunsa. Sannan ya ce, a hankali, “Kai na?”

Na ce, “Ni na, Baba,” da wata murya da ban san ina da ita ba.

Ya ce, “To, ɗana, kurma dai da bai zo ba. Ni ji niy yi, shi yas sa niz zo.”

Aka tashe shi, aka kakkaɓe shi. Ni na kwance rawanin daga jikin ƙarfen, na miƙa masa kaina a sunkuye, ga baƙin mai ya yi masa zane. Ina jiran ya juya ya tafi gidana ya ɗauki 'yarsa. Sai na ji yana tambayar Kawu, “Shin daga inda shika zama, bai ganin mutum?”

Kawu ya fara ba da haƙuri, ya katse shi. “Ba haƙuri nika nema ba. So nikai in gani.”

Ashe irin ciwona gare shi. Ya sa aka tura motar baya har ta koma cikin ƙofa, aka kama shi ya hau, ya zauna a kujerar direba da rigarsa mai tsamin nono. Ya leƙa dama, bango. Ya leƙa hagu, bango. Ya sa wani ya tsaya daidai inda ya tsaya ɗazu, ya miƙa wuya, bai gan shi ba. Ya ce a turo ta kaɗan, a tsaya, a sake turowa, har sai da hancin ya gama fita turba sannan ya hango mutumin. Ya jinjina kai, ya ce, “Ikon Allah. Ashe makaho na ka kiran wani kurma.”

Nan dariyar da kowa ke riƙewa ta ɓalle. Shi kuma ko murmushi bai yi ba, ya kai hannu ya matsa odar da kansa, ya saurara, ya sake matsawa, ya tambaye ni ko iska ce a ciki. Na amsa masa ina kallon ƙasa. Ya yi ta jero tambayoyi, me take ci, don me take zafi, ni kuma ina amsawa kamar mai karatu gaban alƙali. Ranar dai da jakuna aka kwaso fatun.

A gida maiɗakina ta ajiye mini tuwo. Sai da na kai loma baki ta ce, “An ce yau ka gaida Baba.” Na ajiye lomar.

Da Sumana ya dawo aka ba shi labari, bai yi mini faɗa ba. Ya dai hana ni sitiyari har damina ta wuce, ya mai da ni mai tsayawa bakin ƙofa ina ɗaga hannu. Kawu kuma ya sa magina suka rage tsawon katangar daga gefe da gefen ƙofar, yadda mai fita zai hangi mai wucewa. Aurena ya tsira, amma suna ya bi ni. Har na yi furfura, in na ratsa kasuwa sai in ga dattawa sun dafe rawunansu da hannu biyu.

Na yi shekaru ina tuƙi bayan wannan, na kuma koya wa mutane da dama. Duk wanda na kawo bakin ƙofar da ba a ganin waje, abu ɗaya nake gaya masa: tsaya, leƙa, ka fita a hankali kamar surukinka na tsaye a bayan bangon. In ya yi dariya ya ce ai wannan da wuya, sai in ce masa nawa dai yana nan.